Kai, kurwa da ƙwaƙwalwa: tarihin sanin mutum a arewacin Zazzau

Bahaushe idan zai ambaci mutum a karan kansa, gaɓar da ke bisa wuya yake ara. Yakan ce "ni da kaina na je", "ya cuci kansa", "ta san ciwon kanta". Mai natsuwa yana da kamun kai, marowaci yana da son kai, wanda ba ya jin magana yana da taurin kai, wanda ya yi ilimi kansa ya waye, wanda ya zautu kuma kansa ya juye. Sai dai harshen bai tattara mutum duka a kai ba. Murna da damuwa a ciki ya ajiye su, shi ya sa ake cewa farin ciki da baƙin ciki. Fushi da ƙarfin hali na zuciya ne. Rai shi ne mai ɓaci da mai jin daɗi. Hankali kuwa kamar baƙo yake: yakan tashi, yakan kwanta, yakan gushe, yakan dawo. Akwai kuma kurwa, wadda ba a ganinta amma ana iya kama ta. Waɗannan kalmomi ba rana ɗaya suka taru ba. Kowace tana da zamaninta da mutanen da suka raine ta, kuma a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ana iya bin sawunsu tun daga gidajen Maguzawa har zuwa ɗakin likitan ƙwaƙwalwa.

Ƙananan hukumomin uku suna bakin iyakar Zazzau da Kano. Ƙasa ce ta noma, mai fadamu da rafuka: rake da mazarƙwaila a Makarfi da Kudan, tumatir da masara a Ikara. Garuruwa irin su Paki da Saulawa da Gimi da Gazara da Hunkuyi da Likoro sun zauna a kan hanyoyin da ke haɗa birane biyu masu sarauta da ilimi, don haka malamai da fatake ba su taɓa yanke ƙafa ba. A bayan garuruwan kuma akwai unguwannin Maguzawa, waɗanda suka daɗe a kan addinin kakanni kafin wasunsu su musulunta, wasu su shiga Kiristanci. Layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta Likoro da Gimi. Wannan cakuɗa ce ta sa kusan kowace amsa da aka taɓa bayarwa game da abin da ke mai da mutum mutum ta sami masauki a nan.

Mafi tsufa a cikinsu ita ce ta kurwa. A tunanin da Maguzawa suka fi kowa riƙewa, rai da kurwa abu biyu ne. Idan rai ya yi halinsa, sai wanka da kabari. Kurwa kuwa tana iya fita mai ita yana numfashi. Cikin barci takan yi yawo, abin da ta gano shi ne mafarki. A wannan yawo, ko a lokacin firgita, maye ke samun damar kama ta. Wanda aka kama wa kurwa yakan rame, ya riƙa zabura, ya yi ta sambatu, wani lokaci ya ambaci sunan wani. Da ya ambata, sai a nemo mai sunan a tilasta masa ya tsallake majinyacin don ya saki abin da ya riƙe. Ana cewa wasu kurwarsu ɗaci gare ta, ba ta ciwuwa, kuma har yau yaro kan ce "kurwata kur" idan ya tsargu da kallon wani. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma buga bincikensa a 1946, ya tarar da wannan rabuwa ta rai da kurwa a tsakiyar aƙidarsu. Al'adar ta ci mutuncin tsofaffin mata da yawa waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, domin sambatun mai zazzaɓi mai zafi aka mayar shaida. Amma a ƙarƙashinta akwai lura ta gaskiya: jiki na iya kasancewa a shimfiɗe, da rai, alhali wanda iyalinsa suka sani ba ya ciki.

Bori ya ɗauki wannan lura ya gina mata tsari. A wurin 'yan bori mutum abin hawa ne. Namiji doki, mace goɗiya, iska kuwa mahayi. Iskokin suna da birninsu, Jangare, da sarakuna da fadawa da bayi, kamar dai masarautar 'yan Adam. Idan an kafa wasa, mai garaya ko mai goge yana tsakiya, masu buta suna kaɗawa a gefe, kowane iska yana da takensa. Goɗiya takan zauna shiru, sai hamma, sai gumi, sai idanu su kafe, jiki ya ɗauki rawa. Daga nan muryar da ke fita ba a ɗauke ta tata ba. Idan Malam Alhaji ne, sai ta zama dattijo mai tari da jan carbi. Idan Ɗan Galadima ne, sai taƙama da rabon kuɗi. Idan Kuturu ne, sai yatsu su lanƙwashe, magana ta koma ta hanci. Sarkin Rafi kuwa da haukansa yake zuwa. Jama'a kan gaishe da mahayin da kirarinsa, su kai kuka, a faɗi magani ko abin da za a yanka. In zai tafi, sai atishawa. Goɗiya ta farfaɗo a gajiye, ta ce ba ta san abin da ya gudana ba. Wannan rashin tunawa sharaɗi ne, don da ta tuna, da an ce wasa take.

Shiga bori galibi ta ƙofar ciwo ce. Wanda ya yi fama da faɗuwa, ko shanyewar gaɓa, ko rashin haihuwa, ko firgita da ta ƙi jin magani, akan yi masa girka: a killace shi kwanaki, a yi ta shayar da shi saiwoyi da turare da kiɗa, har iskan da ke wahalar da shi ya bayyana sunansa. Ba korarsa ake yi ba, sulhu ake ƙullawa, a zauna tare har mutuwa. A. J. N. Tremearne ya rubuta littafi kan bori a 1914, Fremont Besmer kuma a 1983 daga abin da ya gani a Kano. Shaida mafi kusa da wannan yanki ita ce ta Baba ta Karo, wadda aka haifa a wani ƙauye kusa da Zarewa a kan iyakar Kano da Zazzau, ta kuma ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa, maƙwabciyar Kudan, a 1949 zuwa 1950. A littafin da ya fito a 1954, bori yana zaune cikin rayuwar matan Musulmi kamar biki da suna, duk da kyarar malamai.

Musulunci ya riga jihadi isowa Zazzau da ƙarnuka, amma bayan Malam Musa ya karɓi birnin a wajen 1808, Sarki Makau ya yi kudu, sai ilimin malamai ya zama harshen mulki da shari'a har a ƙauyuka. Da shi wasu kalmomi suka kafu: ruhi, nafsu, ƙalbu, aƙli. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma malaman jihadin Sakkwato suka sha daga littafinsa Ihya'u, ya ware babi guda ga waɗannan huɗu, yana nuna cewa kowace tana da ma'ana ta jiki da ma'ana ta ɓoye, kuma a ma'ana ta biyu duk suna nuni ga abin nan da ke sani a cikin ɗan Adam. Game da ruhi, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta sa malamai taƙaita bincike. Game da barci kuwa, aya ta 42 a Suratuz Zumar ta kusanta shi da mutuwa, abin da ya sa tsohon zancen fitar kurwa ya sami inuwar da zai raɓa, ko da yake ba abu ɗaya suke nufi ba.

Inda malamai suka yi muhawara a fili shi ne mazaunin hankali. An ruwaito daga Imam Malik da Imam Shafi'i cewa a zuciya yake, daga Imam Abu Hanifa kuma cewa a ƙwaƙwalwa. Ƙasar Hausa Malikiyya ce, don haka zuciya ta yi rinjaye a wa'azi da karatu. Duk da haka, fiƙihun da almajiri ke haddacewa a zauren malam cike yake da lura ta zahiri. Tun daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala, gushewar hankali na cikin abubuwan da ke warware alwala, ko ta hanyar barci mai nauyi, ko suma, ko maye, ko hauka, kuma an bambanta barci mai nauyi da mai sauƙi da alamar ko mutum ya san abin da ya faɗi daga hannunsa. Mai barci da yaro da mahaukaci ba a hukunta su kamar mai cikakken hankali. A babin diyya, alƙali ya san matakan rauni a ka: wanda ya bayyana ƙashi raƙuma 5, wanda ya gusar da ƙashin raƙuma 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya. Wanda kuma aka buga har hankalinsa ya tafi bai dawo ba, diyyarsa cikakkiya ce, daidai da ta rai. Ke nan mazhabar da ta sa hankali a zuciya ita ce kuma ta san cewa gora a ka na iya tafiya da shi, ta kuma auna asararsa da asarar mutum sukutum.

A gefen kurwa da ruhi akwai wani ɓangaren da jama'a ke ƙera wa mutum daga waje. Jariri ba shi da suna sai rana ta bakwai, ranar da liman zai raɗa, wanzami ya yi aski, a da ma har da tsagar gado da ke faɗin asalinsa kafin ya buɗe baki. Sunan yanka ɗaya ne, amma kira da yawa: Ɗanladi ko Talatu don ranar haihuwa, Tanko don ya biyo mata, Ajuji ko Ayashe don uwa ta sha wabi ana son mutuwa ta raina shi ta wuce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin na miji. Yaro sai ya "yi hankali" ake ɗora masa laifi. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofi goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, cikinsu har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci, kuma kusan dukansu sai da ido na biyu ake ganinsu. An ce hali zanen dutse. Abin da ya girgiza wannan karin magana a arewacin Zazzau cuta ce da ƙuda ke kawowa.

A 1913 wasu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa, suka iske Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. A zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi aka ba su fili a Gimi, suka taru daga wurare dabam-dabam, suka yi gidaje da gonaki da makaranta, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, yana jagorantarsu. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga garin ya yi ɓarna mai yawa, waɗanda suka tsira suka watse, yaransu da dama suka koma hannun mishan a Zariya, daga baya Wusasa. Abin da ya faru a Gimi somin-taɓi ne. Zuwa shekarun 1930 cutar ta zama annoba a arewa; daga 1931 zuwa 1940 ma'aikatan yaƙi da ita sun duba mutum fiye da miliyan 3 a Nijeriya, suka sami kusan 400,000 ɗauke da ita. A wasu ƙauyukan gundumar Anchau, maƙwabciyar Ikara, mutum ɗaya cikin uku na da ita.

Sunan cutar yana ɓoye mafi munin aikinta. Ƙwayar, wadda aka gano a jinin mutum a Gambiya a farkon shekarun 1900, aka kuma tabbatar a Yuganda a 1903 cewa ƙudan tsando ke yaɗa ta, tana fara zama a jini da kaluluwa: zazzaɓi, ciwon kai, kumburi a bayan wuya. Bayan watanni ko shekaru sai ta tsallaka zuwa ƙwaƙwalwa. Daga nan barci kan juye, rana gyangyaɗi, dare ido biyu. Kafin a kai ga doguwar suma, hali ne ke sauyawa. Mai haƙuri ya zama mafaɗaci, mai kunya ya saki baki, manomin da ba ya wasa da gona ya zauna bakin zaure da loma a hannu ya manta da ita. A ƙauye, irin wannan sauyi ba shi da fassara sai sammu ko iska ko kamun maye, musamman da yake a bakin rafi da kurmi ake ɗauko shi, inda dama aka ce nan ne gidan iskoki. Wurin an gane shi daidai, mazauninsa ne aka yi kuskure: ƙudan tsando irin na rafi inuwa da damshi yake so, nan yake jiran mai ɗiban ruwa da mai wanki.

Tawagar masu duba cutar kan sauka gari da izinin hakimi, mai unguwa ya tara mutanensa gida-gida, a jera su a inuwa. Ma'aikaci na bin layi yana taɓa wuyan kowa da yatsu. Wanda aka ji masa kaluluwa sai a ware shi, a soka allura a tsotso ɗigon ruwa, a shafa a gilashi, a leƙa ta madubin likita, inda ake ganin ƙwayar tana wutsil-wutsil. Don sanin ko ta kai ga ƙwaƙwalwa, akwai gwajin ruwan laka da ake ɗiba ta gadon baya. Magungunan su ne antirifol da tirifasamaid. Na biyun yana isa ƙwaƙwalwa, amma yakan taɓa ido, wani lokaci har ya makantar. Mutane sun guje wa allurar, sun kuma ga abin da ba su taɓa gani ba: wanda aka fid da rai da hankalinsa ya sha allurai ya dawo hayyacinsa, ya gane 'ya'yansa, ya ɗauki fartanya.

A 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ya hau gadon Zazzau, aka fara shirin Anchau, wanda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya jagoranta ya kuma rubuta rahotonsa a 1948. An sare kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai faɗin murabba'in mil wajen 700, aka tashi mutane kimanin 5,000 zuwa sababbin ƙauyuka, aka gina rijiyoyin siminti, aka kafa sabon gari kusa da tsohuwar Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Aikin da tilas a cikinsa, kuma gumin talakawa ne ya sare dajin, amma cutar ta ja baya. Ta wannan hanya, ba ta aji ko littafi ba, manoman yankin suka fara cin karo da zancen cewa halin mutum yana da mazauni a cikin ƙoƙon kai, kuma abin da ido ba ya gani na iya gurɓata shi.

Likitocin da suka kawo wannan zance su ma ba su daɗe da tabbatar da shi ba. A 1848, a Amurka, wani shugaban leburorin layin dogo, Phineas Gage, ƙarfen dannar albarushi ya shiga ta kumatunsa ya fita ta tsakar kansa, ya lalata sashen gaba na ƙwaƙwalwarsa. Bai mutu ba, magana da tafiya ba su tafi ba, amma likitansa ya ba da rahoton cewa kamun kansa ya raunana har abokansa suna cewa ba shi ba ne. A 1861 Paul Broca a Faransa ya nuna cewa rauni a wani gurbi na ɓangaren hagu yana ɗauke furuci ya bar fahimta. A 1953 aka yi wa Henry Molaison tiyata don farfaɗiya, aka cire masa yawancin sashen da ake kira hifokamfus a ɓangarorin biyu. Ya rayu har 2008 yana sanin sunansa da ƙuruciyarsa, amma wanda ya gaisa da shi da safe baƙo ne da rana. A shekarun 1960 Roger Sperry da Michael Gazzaniga suka binciki majinyatan da aka raba musu gadar da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Idan aka nuna wa ɓangaren dama umarni shi kaɗai, jiki ya aikata, sai ɓangaren hagu mai magana, wanda bai ga umarnin ba, ya ƙirƙiro dalili nan take, mai shi kuma ya gaskata. Daga baya Gazzaniga ya kira wannan aiki tafinta.

Daga irin waɗannan aka fahimci cewa babu wani ɗaki guda a ƙwaƙwalwa da "ni" ke zaune. Ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86 suna gudanar da ayyuka dabam-dabam, haɗuwarsu ce ke ba da jin cewa mutum ɗaya ne. Akwai aikin sauraron cikin jiki, bugun zuciya da numfashi da yunwa da murɗawar hanji, wanda tushen ƙwaƙwalwa da wani lungu mai suna insula ke tattarawa. Masanin ƙwaƙwalwa Antonio Damasio ya ɗauki wannan a matsayin harsashin ginin duka. Wanda ya sa farin ciki a ciki, fargaba a faɗuwar gaba, bai yi nisa da wannan ba, don daga can saƙon ke tasowa, a sama ake karanta shi. Akwai aikin sanin iyakar jiki da inda yake. A 1998 Matthew Botvinick da Jonathan Cohen suka ɓoye hannun mutum, suka ajiye na roba a gabansa, suka riƙa shafa duka biyun lokaci guda; cikin mintuna sai ya ji na robar nasa ne. A 2002, a Suwizalan, Olaf Blanke ya sa wa wata mai farfaɗiya 'yar wutar lantarki a wani gurbi na gefen dama, sama da kunne ta baya, sai ta ce tana ganin kanta daga sama tana kwance a gado. Da aka ɗauke wutar ta koma jikinta. Mai tsohon harshe zai ce kurwarta ce ta fita. Sannan akwai aikin labari, wanda ke ɗinke jiya da yau da gobe. A 2001 Marcus Raichle ya bayyana wasu sassa da ke ƙara himma idan mutum ya zauna ba ya komai, kuma su ne ke aiki yayin tuna baya da saƙar zuci da tunanin yadda wasu ke kallonsa. Ginin yana ɗaukar lokaci: yaro ba ya gane kansa a madubi sai wajen wata 18 zuwa 24, sashen gaba mai kamun kai kuma ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Dannau ma ya sami bayani a nan. Tun 1953 aka gano wani matakin barci da idanu ke motsi da sauri, wanda a cikinsa ake yawan mafarki. A wannan mataki ƙwaƙwalwa kan kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan farkawa ta riga sakin gaɓoɓin, sai mutum ya buɗe ido ya kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, ragowar mafarki ya tsaya masa a bakin ƙofa. Hawan bori ya fi wuyar sha'ani. Likitocin ƙwaƙwalwa suna sa shi cikin yanayin da sani da tunawa da jin "ni ke aikatawa" ke rabuwa na ɗan lokaci, kuma ƙa'idarsu ba ta lissafa shi cuta idan da son mai shi ne kuma cikin al'adar da ta san da shi. Wannan ya bayyana yadda abin ke yiwuwa a jiki. Batun ko akwai mahayi kuwa ba abin da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ke aunawa ba ne, kamar yadda ba ta auna ruhi.

Hukuma ta daɗe kafin ta bi sawun ilimin. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sake wa fasali a 1958, tsarewa ta sani ba magani ba, kuma a zamanin En'e wanda ya fi ƙarfin danginsa, bayan turu da mari, makomarsa ɗaki ne a gefen gidan yari. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana karɓar magani, har da haɗa hannu da masu maganin gargajiya. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, asibitin koyarwarta yanzu yana Shika, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna da na Dawanau a Kano, a Makarfi kuma kwalejin Shehu Idris tana horar da ma'aikatan lafiya. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu.

Ciwon barci ya zama labari, amma masu taɓa ƙwaƙwalwa ba su ƙare ba. Sanƙarau na 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, ya bar wasu da kurumta ko raunin fahimta. Allurar rigakafin nau'in da ya fi yin annoba ta fara isowa a 2011. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai sa yara jijjiga, da shanyewar ɓarin jiki daga hawan jini, da ruɗewar tsufa, da ƙwaya da sholisho, da 'yan acaɓa marasa hular kwano a kan titin Zariya zuwa Kano ta Tashar Yari. Bori ya ja jiki tun bayan kafuwar Izala a 1978 da dawowar shari'a a jihohin arewa daga 2000, amma gurbinsa bai zauna fanko ba. Tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka yi ta samun faɗuwar 'yan mata a makarantun Kano, ruƙiyya ta bazu. Mai ruƙiyya ma yana magana da wata murya da ke fita daga bakin majinyaci, sai dai shi korar baƙon yake yi, ba sulhu ba.

Iyali a Paki ko Hunkuyi idan ɗansu ya fara surutai, sau da yawa sukan fara da rubutun sha da tofi, su gwada hayaƙi da ruƙiyya, in abin ya ƙi su ɗauki mota zuwa Shika ko Barnawa, kuma zuwa asibitin ba ya sa su bar na farkon. Mai farfaɗiya har yanzu yakan sha ƙyama saboda zaton cewa yawunsa na yaɗa ciwon, alhali ba ya yaɗuwa, kuma akasarin masu ita faɗuwar na tsayawa idan suka dage da shan magani kullum. A ɗakin likita, tambayoyin gwaji su ne sunanka, ina muke, yau wace rana, wa ya kawo ka, wato jiki da wuri da lokaci da dangi. Amsar da ɗan rakiya ke bayarwa kuwa da tsofaffin kalmomin take zuwa: ya fita hayyacinsa tun shekaranjiya, hankalinsa yakan dawo da asuba, amma da la'asar ba ya gane mahaifiyarsa.